Tazarar haihuwa: allura, ashana, ƙwaya ko roba, wanne ya karɓe ku?

Mai Goyo, Rigasa: Assalamu alaikum matan gida, barkanmu da war haka. Dan Allah shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Ina da goyo wata 7, kuma aiki aka min wajen haihuwarsa, yayarsa ko yaye ta ban yi ba na samu cikinsa, kwanika dai na yi. Likita ya ja min kunne kar na sake ɗaukar ciki sai wajen ɗinkin ya huta, ga shi al'ada ta dawo min, hankalina a tashe yake wlh. Maigida ya amince na je a min tsarin iyali amma duk wadda na tambaya sai ta ƙara tsorata ni, wannan ta ce allura na sa jini ya ƙi tsayawa, waccan ta ce ashana, wato 'yar sandar da ake sawa ƙarƙashin fatar damtse, ɓacewa take a jiki, wata ta ce robar da ake sawa a mahaifa haurawa take ta shige ciki. Wanne kuka yi kuma ya kuka ji da shi? Abin da ya faru da ku nake so, ba labarin gidan biki ba.

Uwargida Kawo: Wa alaikumus salam. Ƙanwata ni allura na yi, ta wata 3 ɗin nan Depo, kuma gaskiya ban ji daɗinta ba. Da farko jini ya dinga min ɗis-ɗis, yau ya zo gobe ya ɗauke jibi ya dawo, ban san yaushe zan yi salla yaushe zan bari ba, daga baya kuma ya ɗauke ɗif ko ɗigo babu. Ga ƙiba, rigunana sai da na mayar wa tela ya buɗe su. Abin da ya fi ɗaga min hankali da na daina ina son ciki shiru shiru, har uwar mijina ta fara maganar a karɓo min rubutu, sai da aka kusa shekara kafin Allah Ya kawo. Ban ce kar ki yi ba amma ki shiga da saninki.

Mai Kunun Aya: Ikon Allah, ni kuma ita ce ta karɓe ni fiye da komai. Jinin ya ɗauke min nima amma ni hutu na ɗauke shi saboda da can ciwon mara nake kamar zan mutu duk wata, har kasa fita sana'a nake. Matsalata ɗaya mantuwar ranar komawa, shi ya sa na manna katin a jikin ƙofar wardirof.

Uwargida Kawo: To ke ba ki tsoron inda jinin yake taruwa? Ni abin da ya sa na tsorata ke nan, an ce daskarewa yake a mahaifa ya zama ƙari.

Anti Nas: Salam 'yan uwa. Ni ma'aikaciyar jinya ce kuma a ɓangaren tsarin iyali nake aiki, bari na fara da wannan maganar ta taruwar jini don ita ce ta fi korar mana mata. Babu jinin da yake taruwa. Duk wata mahaifa tana yin kamar shimfiɗa ce take yi wa baƙo, bangonta na ciki ya yi kauri yana jiran ciki ya zauna, in bai zo ba sai ta zubar, shi ne jinin al'ada da kike gani. Allura da ashana suna ɗauke da sinadari irin wanda jikin mace ke yi da kansa, aikinsa ya hana ƙwai fitowa, ya kuma sa yauƙin bakin mahaifa ya yi kauri yadda maniyyi ba zai iya wucewa ba, sannan bangon mahaifar ya zauna siriri. Tunda bai yi kauri ba to babu abin zubarwa, shi ya sa wasu jinin ke ɗaukewa. Ɗis-ɗis ɗin kuma daga wannan siririn bangon yake zuwa, ya fi yawa a watannin farko.

Amma abin da Uwargida ta faɗa na jinkirin samun ciki gaskiya ne, ba zan ɓoye ba. A cikin duk hanyoyin nan allura ce aka sani da wannan, musamman Depo, a ita yawanci mace kan ɗauki kamar wata 10 daga allurar ƙarshe kafin ta samu ciki, wata ƙasa da haka wata ta haura shekara. Ba ta kashe mahaifa, jinkiri ne kawai, amma in kin san kina son ciki nan kusa to ba ita za ki zaɓa ba. Ƙibar ma gaskiya ce ga wasu, kilo 1 zuwa 2 a shekara. Akwai ta wata 2 Noristerat, akwai kuma Sayana Press mai ƙaramar allura da ake yi a fatar ciki ko cinya, ita ma wata 3 ce, in an koya miki har da kanki za ki iya yi a gida.

Mai Goyo, Rigasa: Allah Ya saka da alheri Anti. To ashanar fa? Ita na fi karkata a kai don ni na san kaina da mantuwa, ga ɗawainiyar yara biyu.

'Yar Zazzau: Ashana nake da ita yanzu haka a hannun hagu, mai sanda ɗaya. Sa ta bai ɗauki lokaci ba, allurar kashe zafi ma'aikaciyar asibitin ta min a cikin damtse sannan ta tura, ta naɗe da bandeji ta ce kar ruwa ya taɓa na 'yan kwanaki, wajen ya yi ɗan baƙi-baƙi ya warke. Yanzu in na shafa ina jin ta ƙarƙashin fata. Nono bai ragu ba ko kaɗan. Amma fa jini ya wahalar da ni a farko, sai da na koma suka ba ni magani na sha ya lafa. Da na biye wa masu cewa je ki cire da tuni na cire.

Anti Nas: Yawwa, komawar da kika yi ita ce daidai. Da yawa in jini ya dame su kemis suke zuwa ko su zauna suna kuka a gida, alhali akwai abin da ake bayarwa ya rage shi, wani lokacin ma a duba a ga ba ashanar ba ce, sanyi ne ko wani abu daban. Ashana kala biyu muka fi sawa, Implanon sanda ɗaya shekara 3, Jadelle sanda biyu shekara 5. A wajen hana ciki tana cikin waɗanda suka fi kowanne ƙarfi, cikin mata 100 ko 1 ba ta cika samun ciki a shekara, saboda babu abin da za ki manta. Kuma ba dole sai shekarun sun cika ba, ranar da kika so a cire, kuma da an cire za ki iya ɗaukar ciki a watan ma. Aibinta babba shi ne jinin nan mara tsari, ba mai iya ce miki ga yadda naki jikin zai yi, wata ya ɗauke, wata ya zo daidai, wata ya yi ta ja. Wasu suna kukan ciwon kai ko ƙuraje a fuska.

Maganar ɓacewa, abin da ya fi faruwa shi ne wanda bai ƙware ba ya tura ta can cikin nama, ko mace ta yi ƙiba a kasa lalubo ta da hannu, sai an yi sikanin a gano inda take. Ta bar hannu ta yi nisa a jiki abu ne da ba kasafai ake gani ba ko kaɗan. Shi ya sa nake roƙonku kar ku bari a sa muku a ɗakin wata ko bayan kantin magani, kuma kafin ki tashi daga kan gadon ki sa yatsa ki taɓa ki ji ta da kanki.

Hajiya Babba: Ni dai ina karanta ku ina mamaki. 'Ya'yan nan, mu da muka haifi tara goma ba allura ba ashana me ya same mu? Bakin da Allah Ya tsaga ba Ya hana shi abinci. Annabi SAW cewa ya yi a auri masu haihuwa zai yi alfahari da yawanmu ranar ƙiyama, ku kuma kuna ta cusa wa jikinku abin da ba ku san da me aka haɗa ba. Wanda ya kawo muku abin nan kyauta kun tambaye shi me ya sa bai kawo muku maganin hawan jini kyauta ba?

Malamar Islamiyya, T/Wada: Mama Allah Ya ƙara girma, maganarki ta arziki haka take, wanda ya hana haihuwa don tsoron talauci yana ganin shi ke ciyarwa ya yi kuskure a aƙida. Amma abin da yarinyar nan ta kawo daban ne, an yanka cikinta, likita ya ce ta dakata. Hadisin Jabir yana cikin Bukhari da Muslim cewa sahabbai suna yin azalu, wato zubarwa a waje, alhali Alƙur'ani yana sauka kuma ba a hana su ba. A Baƙara aya ta 233 Allah Ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku ga mai son cika shayarwa. Sannan majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Kuwait a 1988 ta fitar da matsaya cewa tazara ta wani lokaci ta halatta in da buƙata kuma miji da mata sun yarda, ba tare da cutarwa ba, abin da ta hana shi ne kashe haihuwa gaba ɗaya sai in lalura ta tilasta, da kuma gwamnati ta ƙayyade wa mutane adadin 'ya'ya. Don haka ba a haɗa su a hukunci ɗaya.

'Yar Zazzau: Kuma Mama ku ma ai kun yi tazara, hanyar ce ta bambanta. Kakata ta ce a zamaninsu mace in ta haihu gida take tafiya wankan jego ta daɗe, in ta dawo ma ba ta komawa turaka sai ta yaye, ana cewa nono zai lalace yaro ya yi ta zawo. Shi ya sa za ki ga tsakanin 'ya'yansu shekara 3. Yanzu wane namiji ne zai jira yaye, ana yin arba'in shi ke nan, ga ɗaki ɗaya a gidan haya.

Hajiya Babba: Wannan kam gaskiya ne, mun yi haka. Ni ba na ja da mai lalura, Allah Ya ba ta lafiya. Waɗanda nake magana a kai masu ɗa ɗaya lafiyarsu ƙalau su ce sai sun huta shekara biyar. Kuma har yanzu ba a amsa min maganar kyauta ba.

Anti Nas: Mama tambayarki tana kan hanya, ni ma ina fatan a ce maganin hawan jini da na suga kyauta ne. Tun 2011 gwamnatin tarayya ta mayar da kayan tsarin iyali kyauta a asibitocinta, dalilin da ake bayarwa shi ne rage mutuwar mata wajen haihuwa, kuma mu da muke ɗakin haihuwa muna gani da idonmu, matar da ta jera ciki kan ciki jininta ba ya komawa daidai, ita ce ke zuwa fari fat, ta haihu jini ya ɓalle, jaririn ƙarami, na bayan kuma an yaye shi ba shiri ya kama tamowa. Hukumar lafiya ta duniya shawararta a jira aƙalla wata 24 bayan haihuwa kafin a sake ɗaukar ciki, bayan ɓari kuma wata 6. Mai ɗinki a mahaifa ta fi kowa buƙatar wannan don ɗinkin na iya buɗewa lokacin naƙuda in bai yi ƙwari ba. Ban taɓa ce wa mace ga adadin da za ta haifa ba kuma ba aikina ba ne.

Amaryar Malali: Anti ni ina da tambaya amma kunya nake ji. Ina karatu ne, mun yi da maigida ba haihuwa sai na gama, to Postinor nake sha duk bayan mun kwana, wani satin sau biyu. Yanzu al'adata ta rikice gaba ɗaya. Wata ta ce min zubar da ciki nake yi ban sani ba, tun ranar ban samu natsuwa ba.

Anti Nas: Ƙanwata kwantar da hankalinki, ba zubar da ciki kike ba. Postinor jinkirta fitowar ƙwai yake yi, in ciki ya riga ya shiga ba ya fitar da shi. Amma na gaggawa ne, na ranar da kwaroron roba ya fashe ko aka yi mantuwa, a sha cikin awa 72, kuma gwargwadon saurin sha gwargwadon aikinsa. Mayar da shi na kullum shi ya rikita miki al'ada, kuma kariyarsa ba ta kai ta sauran ba, wata rana zai ba ki kunya. Ki yi gwajin ciki tukuna, in babu ki zo a zaɓa miki na yau da kullum. Irinki ƙwayar sha ta kullum za ta iya dacewa, tana ma daidaita al'ada ta rage ciwon mara, kuma da kin daina sha, haihuwa na dawowa ba jinkiri.

Maman 'Yan Biyu, Kakuri: Ƙwayar nan dai a yi hattara. Ni a kemis na saya ba wanda ya auna ni, ina sha ina fama da ciwon kai mai tsanani har idona na ganin walƙiya-walƙiya, da na je asibiti aka auna jinina ya hau sosai, nan take likita ta ce na daina. Ashe ba ta kowa ba ce.

Anti Nas: Allah Ya tsare ki wlh. Ƙwaya iri biyu ce. Akwai mai sinadari biyu irin su Microgynon, ita ce ba a ba mai hawan jini, ko mai ciwon kan ɓari ɗaya da ke zuwa da wannan walƙiyar a ido, ko wadda jini ya taɓa daskare mata a jijiya, ko mai shan taba da ta kai 35, saboda tana ƙara haɗarin daskarewar jini da shanyewar ɓarin jiki. Mai goyon da bai kai wata 6 ba ma ba mu cika ba ta ba don tana iya rage nono. Amfaninta kuma banda hana ciki, tana rage haɗarin kansar mahaifa da ta ma'ajiyar ƙwai. Ɗayar mai sinadari ɗaya ce irin su Microlut da Exluton, ta masu shayarwa, ba ta taɓa nono amma tana da tsauri a lokaci, in kin saba sha bayan isha'i to kullum bayan isha'i, in kika wuce da awa 3 kariyar ta yi rauni. In ana sha daidai ƙwaya na aiki sosai, amma yadda mutane ke sha da mantuwa da tafiya biki a bar ta a gida, kusan mata 7 cikin 100 na samun ciki a shekara. Allura kusan 4 cikin 100, su ma yawanci makara wajen komawa ne.

Mai Goyo, Rigasa: Ni ƙwaya kam na cire ta a lissafi. Ba wadda ta yi maganar roba har yanzu, ko ba mai ita a gurup ɗin ne?

Mai Ɗinki, Kasuwar Barci: Ga ni nan, ina kan keke ne tun ɗazu. Ni roba nake da ita, bayan na gwada allura ta hana ni sakat da jini. Abin da na so da ita babu sinadarin da ke shiga jini, al'adata na zuwa a kan lokacinta, ban yi ƙiba ba ban rame ba. Amma jinin ya ƙaru gaskiya, audugar da ke isata da yanzu ba ta isa, ga ciwon mara a watannin farko. Sa ta akwai ɗan zafi kamar murɗawar mara, da na dawo gida na kwanta da ruwan ɗumi a gora. Maigida ya ce yana jin zaren, na koma ta rage tsawonsa shi ke nan ban sake jin ƙorafi ba.

Anti Nas: Haka take. 'Yar ƙaramar roba ce mai siffar T da aka naɗa wa jan ƙarfe, shi jan ƙarfen ke kashe wa maniyyi kuzari ya kasa kaiwa ga ƙwai. Tana kai shekara 10 har 12, kuma ko bayan shekara ɗaya kika so a cire zaren kawai za a ja. Mai hawan jini za ta iya sawa, mai shayarwa ma, wadda aka yi wa aiki ma. Wadda ba na ba shawara ita ce mai zubar da jini da yawa tun asali ko mai ƙarancin jini, sai dai ta nemi ɗaya robar mai sinadari irin Mirena, ita rage jinin ma take. Kuma in akwai ciwon sanyi sai an magance shi kafin a sa, in ba haka ba, za a tura ciwon sama. Haurawa ciki da ake faɗa, ba ta da hanyar zuwa ƙirji ko kai, abin da kan faru shi ne ta huda bangon mahaifa lokacin sawa, kamar sau 1 cikin 1000, wanda ya fi wannan yawa shi ne ta zamo ta fito, musamman watannin farko, shi ya sa ake cewa ki dawo a duba.

Uwargida Kawo: Malama dan Allah koma kan maganar salla, don wlh shi ya fi damuna lokacin da nake allura. In jini na zuwa yana ɗaukewa ya mutum zai yi?

Malamar Islamiyya, T/Wada: Yaya wannan yana cikin Ahalari da muka karanta tun muna yara, babin haila. A mazhabarmu ta Malikiyya mai al'ada tana zama gwargwadon kwanakin da ta saba, in jini ya zarce ta ƙara kwana 3 matuƙar jimilla ba ta wuce 15 ba, abin da ya biyo baya jinin ciwo ne, ta yi wanka ta yi salla ta yi azumi, mijinta ma ya halatta gare ta. In kuma yana yankewa ne, kwanakin da ta ga jini kaɗai take harhaɗawa har su cika adadin, ranar da ya ɗauke ta yi wanka ta yi salla. Abin da ke ba ni tsoro matan da ke barin salla wata guda cur suna cewa ai jini nake. Kowacce ta riƙe lissafin kwanakinta ta kai wa malamin da ta yarda da shi, don yanayin kowa daban.

Baiwar Allah: Ni tawa matsalar daban ce. Haihuwata bakwai, biyun ƙarshe duk sai da na yi jijjiga, na ƙarshen ban san inda kaina yake ba sai a gadon asibiti. Na roƙi maigida a min tsarin iyali ya ce a gidansa ba a wannan. Wata maƙwabciyata ta kawo min ƙwallon zurman ta ce in na haɗiyi ɗaya shekara ɗaya ne, biyu shekara biyu. In sha ko in je a min allura a ɓoye?

Anti Nas: Dan girman Allah kar ki sha zurman. Akwai guba mai ƙarfi a cikin ƙwallon, tana sa amai da zawo har ta taɓa hanta da ƙoda, kuma babu wani ma'auni da ya tabbatar ɗaya shekara ɗaya ne. Ke da kika yi jijjiga ƙodarki ba ta buƙatar wani nauyin. Ki zo asibiti a auna jininki tukuna, abin da kika faɗa mana sirri ne tsakaninmu da ke. Jijjiga sau biyu a haihuwa ta bakwai ba ƙaramar magana ba ce, rai ake magana.

Malamar Islamiyya, T/Wada: 'Yar uwa ni ba zan ce ki yi a ɓoye kai tsaye ba, don asali haihuwa haƙƙin ku biyu ne, kuma ranar da ya gano abin zai fi haka muni. Amma shi ma ba shi da ikon jefa ki cikin halaka, shari'a ba ta yarda da cutarwa ba. Ki nemi wanda yake jin nauyi, mahaifinsa ko yayansa ko limamin unguwa, a tafi da shi gaban likita ya ji da kunnensa. Maza da yawa in mace ta faɗa gani suke raki ne, in likita ya buɗe fayil ya nuna musu sai jikinsu ya yi sanyi. In duk an yi ya ƙi, to a kai wa malami da takardar likita a hannu, lalura tana da hukuncinta.

Mai Kunun Aya: Malama ki yi haƙuri amma wani namijin ko limamin Makka aka kawo ba zai ji ba, kafin a gama zaryar ta sake ɗauka. In ta mutu wa zai riƙe bakwai ɗin? Ni a ganina ta fara kare ranta yanzu, lallashin ya biyo baya.

Hajiya Babba: A nan kam ina bayan yarinyar nan. Baiwar Allah ki turo min lambarki ta gefe, in da hali ni zan samu uwarsa mu yi magana ta manya. Jijjiga ta ɗauke min ƙanwa ina kallo, ba na so na sake ji.

Amaryar Malali: Wai su mazan ba su da nasu ne? Komai a jikinmu.

Anti Nas: Suna da shi, karɓa ce ba su cika yi ba. Kwaroron roba shi kaɗai ne ke kare ciki ya kuma kare cututtuka irin su ƙanjamau da ciwon sanyi, ba ya taɓa jinin kowa, in ana sawa daidai kowane lokaci mata 2 cikin 100 ne ke samun ciki, amma yadda ake yi yau a sa gobe a ce ba daɗi yana kai 13. Azalu da Malama ta ambata kusan 20 cikin 100, don ya dogara da namiji ya iya riƙe kansa kowane lokaci. Akwai ƙirgen kwanaki, wadda al'adarta ke zagayowa tsakanin kwana 26 zuwa 32 su ƙaurace daga rana ta 8 zuwa ta 19, saboda maniyyi na iya rayuwa har kwana 5 a jikin mace yana jiran ƙwai, amma mai goyon da al'ada ta dawo mata yanzu ba ta da tsayayyen lissafi, bai dace da ita ba. Sai ɗaurin dindindin, na mace da ake cewa juyin mahaifa alhali ba a juya komai, hanyar ƙwai ake ɗaurewa, da na namiji da ake ɗaure hanyar maniyyi, ƙaramin aiki ne kuma ba ya taɓa ƙarfinsa. Waɗannan ba a komawa baya, sai mai lalura da ta gama shawara.

'Yar Zazzau: Anti shayarwa fa, ni an ce min muddin ina ba da nono ba zan ɗauka ba.

Anti Nas: Da sharaɗi uku ne kuma sai sun haɗu duka, yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana ba ruwa ba koko, kuma al'ada ba ta dawo ba. In ɗaya ya faɗi kariyar ta tafi. Nan ne mafi yawan kwanika ke faruwa, don ƙwai na iya fita kafin ki ga jinin farko.

Maman 'Yan Biyu, Kakuri: Wani abu kuma da ya kamata a faɗa, ƙanwata ta je a cire mata ashana a wani asibiti saboda jini, ma'aikaciyar ta ce ai ba ta daɗe ba ta je ta ƙara haƙuri, ta yi ta yawo da ita har ta gaji ta je na kuɗi ta biya. Irin wannan shi ke sa mata tsoron sawa tun farko.

Anti Nas: Wannan ba daidai ba ne kuma ina jin zafinsa. Aikinmu mu yi bayani mu ba da magani in tana so ta gwada, in ta ce a cire to a cire, jikinta ne. Wadda aka yi wa haka ta nemi shugabar sashen, ko ta canza asibiti, kusan kowace mazaɓa a jihar nan ta Kaduna akwai asibitin sha-ka-tafi, ga manyan irin Barau Dikko da Yusuf Ɗantsoho da Gwamna Awan duk suna da sashen. Kayan kyauta ne a na gwamnati, sai dai wani wajen a ce ki sayi kati ko safar hannu ko abin gwajin ciki, ki riƙe ɗan canji.

Mai Ɗinki, Kasuwar Barci: Anti tambaya ta ƙarshe daga ni, yayata na shan maganin farfaɗiya kuma ashana take so, ba matsala?

Anti Nas: Akwai. Wasu magungunan farfaɗiya irin carbamazepine da phenytoin, da rifampicin na tarin fuka, da wasu na ƙanjamau, suna sa hanta ta yi saurin narkar da sinadarin ashana da na ƙwaya, sai mace ta samu ciki da abin a hannunta. Allurar Depo da roba su ba ruwansu da wannan. Ta tafi da kwalin maganin nata a jaka ta nuna kafin a sa mata komai, kuma kar ta daina shan na farfaɗiyar da kanta.